Jirgin Baban Kowa a Tsakar Gida

Akwai wani masunci da ya yi zamaninsa a wani ƙauye na bakin babban ruwa, yara da manya suna kiransa Baban Kowa. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiyar da za a nuna da yatsa. Abin da ya mallaka jirgin katako ne guda ɗaya, da komar kamun kifi, da gida mai faffaɗar tsakar gida, wanda 'ya'ya suka cika da surutu kafin su girma su watse.

Ba a banza sunan ya kama shi ba. Idan ya dawo daga kamun kifi, yaran unguwa ne ke riga nasa 'ya'yan tarbarsa, kuma ba wanda zai koma gida hannu rabbana. Idan uwa ta ji ɗanta shiru, ba ta wahalar da kanta da cigiya. Gindin bishiyar ƙofar gidansa za ta nufa, ta same shi yana ɗinkin koma, yara sun kewaye shi kamar 'yan tsaki.

A cikin gida ma haka yake. Zai shigo a gajiye, ƙafafu duk laka, ya tarar jariri na tsala kuka, uwar tana fama da hayaƙin murhu. Sai ya shimfiɗa tsohuwar rigarsa a cikin kwandon kifi, ya kwantar da yaron, ya riƙa kaɗa kwandon a hankali yadda ruwa ke kaɗa jirgi idan iska ta kwanta. Duk 'ya'yansa a kwandon nan suka koyi barci. Har suka girma ana tsokanarsu wai ƙarnin kifi ne turarensu na farko.

Matarsa kuwa ba a bakin ruwa aka haife ta ba. Daga cikin manoma ya auro ta, can inda ruwa sai na rijiya, shi ya sa yake kiranta 'Yar Tudu, har sunan ya bi ta. Ta yi furfura a ƙauyen, amma ba ta taɓa yarda da ruwan ba. Kullum ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi, sai gabanta ya faɗi.

"Ka duba gabas kuwa?" za ta ce. "Ban yarda da hadarin can ba."

"'Yar Tudu, wancan hayaƙin masu bandar kifi ne."

"To ko hayaƙi ne, ka dai dawo da wuri."

Ya yi dariya ya tafi. Ita kuma ta wuni kunnenta na bakin ruwa. Iyaye mata sun san irin wannan wunin, hannu na aiki, zuciya tana wani wuri.

Ikon Allah, ruwan da ta yi shekaru tana tsoro bai taɓa shi ba. Wata ranar da la'asar ta kai masa ruwan sha gindin bishiyarsa, ta same shi ya jingina da ita, allurar ɗinkin koma a hannunsa, idanunsa a rufe. Ta ɗauka gyangyaɗi yake yi. Har lallaɓawa ta yi wajen ajiye kofin, don kada ta tashe shi.

Bayan an share makoki, 'ya'ya sun koma gidajensu, gida ya yi mata faɗi. Wata safiya ƙafarta ta ja ta har bakin ruwa. Ta hango jirgin a ɗaure a inda ya bar shi, yana ta kai da komo shi kaɗai, jiragen mutane na gogarsa ta kowane gefe. Nan take tsohon tsoronta ya taso, sai dai wannan karon ya sauka a kan jirgin. Idan igiyar ta tsinke fa? Idan iska ta ja shi tsakiya? Idan wani ya ɗauka ya kai shi inda ba zai dawo ba? Shi kaɗai ya rage mata da ƙamshin mai shi a jikinsa.

Ta aika aka kira mata ƙanin mijinta, masassaƙin jirage, wanda da hannunsa ya haɗa jirgin tun suna da ƙarfi. Tsakaninsu akwai wasa tun tana amarya.

"A ɗauko min jirgin yayanka a kawo shi tsakar gida," ta ce.

Masassaƙi ya kalle ta. "Yaya, tsakar gida kuma? Kaji za ki koya wa su?"

"Ba wasa nake yi ba."

Da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya sassauta murya. "Ki saurare ni. Jirgin katako ba tukunya ba ne da za a kife a ajiye. Da ruwa yake rayuwa. Ruwan da yake sha shi ke kumbura katakon, ya matse tsakaninsu. Idan ya daɗe a tudu zai bushe, bakin katako ya rabu da bakin katako. Ranar da kika mayar da shi, kwando za ki mayar."

"Inuwa zan sa shi. Ba abin da zai same shi a gabana."

Wa zai yi jayayya da matar da ba ta gama share hawaye ba? Masassaƙi ya ce a ransa kwana kaɗan ne, za ta huce. Ya tara maza suka ɗauko jirgin, suka ɗora shi a kan gungume a gindin bishiyar tsakar gida.

Ba ta huce ba. Kullum da safe sai ta share ganyen da ya zuba a ciki, ta goge shi da busasshen tsumma tun daga kai har gindi. Kaza ba ta isa ta hau shi ba. Masassaƙi ya sake zuwa da maganar, ya kuma sake zuwa, har ranar da ta ce masa idan zancen jirgi ne ya kawo shi, ya tsaya daga ƙofa.

Ana cikin haka wani maƙwabcinsu, masunci mai yawan iyali da ake kira Bahago, ya gamu da tsautsayi. Jirginsa ya hau kan wani kututture da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ya tsage gida biyu. Da kyar ya fito da ransa da 'yan katakai. Da marigayi na raye, ba sai Bahago ya buɗe baki ba, da kansa zai kai masa filafili har gida. Haka ya saba yi wa kowa.

Da hantsi Bahago ya yi sallama, ya tsuguna nesa da ita. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya iya kawo abin da ke tafe da shi.

"Inna, kin ji abin da ya same ni. Aron jirgin Baba nake roƙo, kafin Allah ya hore min in haɗa nawa. Yara ne a gida."

'Yar Tudu ba mai rowa ba ce, kowa ya shaida. Amma da ta ji an ambaci jirgin, sai ta ga kututturen nan a idonta, ta ji ƙarar katako na tsagewa. Bakinta ya riga zuciyarta.

"Naka da ka san halinsa ka farfasa shi, sai na wanda ke kabari? In ba ka, gobe ka kawo min itacen girki?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarki, Inna," ya ce. "Allah ya jiƙan Baba."

Har ya kai ƙofa ya waiwayo, ya dubi jirgin irin duban da ake yi wa maras lafiya. "Ko ba a ba ni ba, a riƙa ɗan zuba masa ruwa."

Ta ɗauki maganar a matsayin dabara, ta juya masa baya. Daga ranar Bahago ya koma bin jiragen mutane, ya ja musu koma a ba shi ɗan abin da aka ba shi. Duk da haka bai taɓa wuce ƙofarta da safe bai ɗaga murya ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" ba. Wata rana ta amsa, wata rana kunya ta hana ta.

Zafi ya shigo. A lokacin ne ta fara wata ɗabi'a da ba wanda ya sani. Idan rana ta karya, unguwa ta yi tsit, sai ta shimfiɗa tabarma a cikin jirgin ta kwanta. Matar da ba ta son ko kallon jirgi a kan ruwa, ga ta kwance a cikinsa a kan tudu.

A ciki akwai ƙamshin mijinta. Ƙarnin kifi, da kwalta, da gumin mutum. Akwai wurin da ƙafarsa ta cinye katako saboda yawan tokarawa, har ya yi santsi. Sai ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta zuba ido sama. Ganyen bishiya na motsi, haske na ratsa su yana rawa, kamar tana kwance a ƙarƙashin ruwa tana kallon samansa.

Can sai ta ji jirgin ya fara kaɗawa. Tsakar gidan ta cika da ruwa mai haske, ba ƙara, ba sanyi. Kajinta na yawo a kai kamar agwagi. Turmi ya taso yana juyawa a hankali. Jirgin ya sulale ta ƙofa, ya bi lungu, ya wuce gidajen maƙwabta. A bayanta tana jin filafili na shiga ruwa yana fita, da ɗan guntun waƙar nan da mijinta yake yi ta hanci, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Su bi ta saman gonakin ƙuruciyarta, shuka na kaɗawa a ƙarƙashinsu kamar gashin yarinya. Ba ta jin tsoro ko kaɗan. Ba ta taɓa waiwayawa ba, don ta san idan ta waiwaya za ta farka.

Wata la'asar da ta buɗe ido, sai ta ga wani abu sabo. Wani siririn haske kamar silin gashi ya ratso ta gefen jirgin ya kwanta a kan zanenta. Kwana kaɗan ya zama biyu, ya zama da yawa. Suka yi kauri kamar zare, launin zinariya, suna ratsa ta tun daga ƙirji har ƙafa. Ta riƙa ɗaga hannu tana wasa da su. A ranta ta ce ko alama ce ta cewa mijinta yana cikin haske a inda yake. Har ɗokin la'asar take yi.

A haka autarta ta same ta. Auta tana aure a wancan ƙetaren, sana'arta bandar kifi, ta daɗe ba ta samu zuwa ba. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta leƙa ɗaki ba kowa, sai ta ji murya daga cikin jirgi.

"Auta, ke ce? Zo ki ga wani abu. Yi a hankali kada ki tare ranar."

Auta ta leƙa, ta ga uwarta kwance ta rame, haske ya zana mata layuka a jiki, tana murmushi kamar yarinya.

"Kin gani? Kullum war haka yake zuwa. Kullum kuma ƙaruwa yake yi."

Auta 'yar masunci ce, a kwandon kifi ta yi barcin jarirantaka. Ta zagaya bayan jirgin, ta tsuguna, ta zura yatsanta ta tsakanin katako biyu. 'Yar Tudu na kwance ta ga ɗan yatsa ya ɓullo ta inda hasken ke shigowa, har gaɓa ta biyu.

"Inna," in ji Auta, "duk inda rana ta shiga, ruwa ma zai shiga. Jirgin Baba mutuwa yake yi."

Ranar dai an kira Masassaƙi, kuma ba a tsayar da shi a ƙofa ba. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, yana kara kunne. Sautin da ke fita kamar na busasshiyar ƙwarya.

"Akwai magani?" Auta ta tambaya.

"Guda ɗaya ne. A cusa tsumma a manyan ramukan, a mayar da shi ruwa, a loda masa duwatsu a nutsar da shi. Ya kwanta a ƙasa ya sha har ya ƙoshi. Idan da sauran rai a katakon, zai kumbura ya haɗe."

'Yar Tudu ta miƙe tsaye. "A nutsar da shi? Da hannunku? Na binne mai jirgi, yanzu kuma in binne jirgin?"

"Ba binnewa ba ce, Yaya, shayarwa ce."

"Ka rantse min zai taso."

Masassaƙi ya girgiza kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Wataƙila ya haɗe, wataƙila mun makara. Abin da na tabbatar shi ne, idan ya ƙara wata a nan, ni da ke za mu zauna mu yi masa kuka."

Ta ce a ba ta lokaci. Washegari da rana ta karya ta sake shiga ta kwanta, ta rufe ido tana jiran ruwan nan mai haske ya zo ya ɗauke ta. Bai zo ba. Ba kaɗawa, ba waƙar hanci. Sai zafi, da kukan kurciya daga nesa. Ta ɗan juya don ta gyara kwanciya, sai ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ta tashi zaune. Katakon da ke gefen kanta ya tsage, tsagar ta yi tsawon hannu.

Ta daɗe tana kallon wurin. Ba iska ba ce ta yi wannan, ba kututture ba ne, ba Bahago ba ne. Ta sauko a hankali, ta naɗe tabarmarta, ta ce wa Auta, "Je ki ce wa baffanki na yarda."

Abin da ya dame ta kuma shi ne masu ɗauka. Jirgin ba na mutum biyu ba ne, ita kuwa ta san irin fuskar da ta riƙa nuna wa mutane. Amma da gari ya waye, tun ba ta gama shara ba ta ji hayaniya a ƙofa. Maza ne cike da lungun. Wanda ya fara shigowa Bahago ne.

"Inna, an tashi lafiya?" ya ce, kamar kullum. Ya wuce kai tsaye ya sa kafaɗarsa a gindin jirgin, inda ya fi nauyi.

Suka ɗaga. Wani dattijo da ke gaba ya ce, "Kai, ya yi sauƙi kamar ba shi ba. Ranar da ya jawo ni daga tsakiya da igiya, nauyinsa ya fi haka."

"Ai kai ne nauyin," in ji wani daga baya. "Tumbinka kaɗai ya isa lodi."

Aka yi dariya, jirgi na tafe a kan kafaɗu, yana ratsa lungu a hankali, inuwarsa na bin bango. 'Yar Tudu na biye, ta dogara da filafilin mijinta kamar sanda. Sai ta ga ashe hanyar da take bi a mafarki ce suke bi.

A bakin ruwa aka cusa tsumma inda za a cusa, aka tura shi inda ruwa ya kai ƙugu, aka riƙa miƙa duwatsu hannu da hannu. Ta tsaya tana kallo. Ruwa ya fara shigowa ta layukan nan da haske ke bi, siriri-siriri, yana walƙiya. Jirgin ya yi ƙasa a hankali kamar tsohon da ke neman wurin zama. Bakinsa ya ɓace. 'Yan kumfa suka taso, ruwa ya rufe, ya kwanta.

Auta ta riƙe ta. 'Yar Tudu ba ta yi kuka ba har suka isa gida.

Daga ranar kullum sai ta dogara filafili ta sauko. Idan ruwa ya lafa, ana hango shi kwance a ƙasa, baƙi, dogo, yana rawa da motsin ruwan kamar mai numfashi. 'Yan ƙananan kifaye na shiga suna fita. Takan zauna tana lissafin abin da zai iya faruwa. Idan laka ta riƙe shi fa? Idan ya ruɓe? Idan aka ɗago shi ya wargaje a hannunsu?

Matan da ke banda a wurin suka gyara mata wurin zama a inuwar rumfarsu. Tun tana zama shiru har ta fara taya su jera kifi a kan waya. A nan ta ji abubuwan da ba ta taɓa sani ba a kan mutumin da ta yi zaman aure da shi har tsufa.

"Kin san abin da ya fi tsaya min a rai?" in ji wata tsohuwa mai banda, tana gyara wuta. "Idan ya dawo da wuri, mazanmu ba su dawo ba, ba ya wucewa gida. Sai ya bi ƙofa-ƙofa. Ya ce, ke, na ga naki a wajen ciyayi, yana tafe. Ke kuma naki ya tsaya kwance koma, kada ki damu. Sai ya gama da mu kaf sannan ya shiga gidansa."

'Yar Tudu ta saki kifin da ke hannunta. Ta tuna yawan faɗan da ta yi masa a kan wannan jinkirin. Za ta hango jirginsa ya iso, ta zuba abinci, abinci ya huce bai shigo ba.

"Na taɓa tambayarsa," tsohuwar ta ci gaba, "na ce Baban Kowa, wa ya ɗora maka wannan aikin? Ya ce, ina da guda a gida, a wurinta na koyi yadda zuciyar mai jira take. Ita idan ta hango jirgina hankalinta ya kwanta. Ku fa?"

'Yar Tudu ta ja mayafi ta rufe fuska. Matan suka ƙyale ta, suka ce hayaƙi ne, yau itacen ɗanye ne.

Da Masassaƙi ya ga lokaci ya yi, ya sake tara mazan. Suka shiga ruwa suka kwashe duwatsun, suka ɗago bakin jirgin, aka sa bokitai ana kwarfe ruwa. Ya taso a hankali, baƙi wuluk, yana sheƙi, ya yi nauyi kamar da. Masassaƙi ya bi layukan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sun haɗe, ko allura ba za ta shiga ba. Da ya zo kan katakon da ya tsage sai ya tsaya. Ruwa na tsartuwa ta wurin.

"Wannan ya tafi," ya ce. "Sai an sauya shi. Sabon katako kuma ba zai zauna da tsofaffi yanzu ba, sai wanda ya riga ya san ruwa. Ni kuwa ba ni da irinsa."

Ba wanda ya lura da tafiyar Bahago sai da aka gan shi yana dawowa, da dogon katako a kafaɗarsa ta hagu. Ya sauke a gaban Masassaƙi.

"Gwada wannan."

Masassaƙi ya juya shi, ya ƙwanƙwasa. "Ba shi ne mai kyan da ka tsira da shi ba? Wanda ka ce da shi za ka fara haɗa naka?"

"Shi ne. Katako ɗaya ba ya zama jirgi, Baffa. A nan ya fi amfani."

Aka ja jirgin gaɓa. Masassaƙi ya wuni yana aunawa, yana fiƙewa, yana buga ƙusa, ya bi bakin da tsumma da kwalta. 'Yar Tudu ba ta matsa daga wurin ba. Da la'asar aka tura shi ruwa. Masassaƙi ya shiga ya zauna, ya yi tsalle a ciki da gangan, ya karkata shi dama da hagu. Sannan ya shafa ƙasan jirgin ya ɗaga tafin hannunsa sama don kowa ya gani. A bushe yake.

Ya fito yana murmushi, ya riƙo igiyar ya kawo mata.

"To, Yaya, ga jirginki ya tashi. Mazan ba su watse ba. Mu mayar miki tsakar gida, ko kajin sun haƙura?"

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ita yake kallo.

Ta dubi jirgin. Yana ɗan kaɗawa a kan ruwa, katakon Bahago ya fi sauran haske, kamar faci a tsohuwar riga. Tsoron bai tafi ba. Tana jin sa a ƙirjinta, yana lissafa mata iska da kututture da igiya. Ta bar shi ya gama lissafinsa.

"Bahago," ta ce, "matso."

Ya matso ya tsuguna.

"Ranar da ka zo gidana da yunwar 'ya'yanka, na faɗa maka maganar da mai jirgin nan bai taɓa faɗa wa ko kare ba. Ka yafe min."

"Haba Inna, ai uwa..."

"Ban gama ba. Tashi ka karɓa."

Ta miƙa masa filafilin da hannu biyu, ta ɗora masa igiyar a kai. Bahago ya miƙe ya karɓa.

"Ka yi su da shi har ka haɗa naka. Idan ka haɗa, ka duba wanda ba shi da shi ka miƙa masa. Sharaɗina ɗaya ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Kome za ka yi, kada ka bar min shi ya sake jin ƙishirwa."

Bahago ya shiga, ya tokara ƙafa, ya sa filafili ta hagu. Jirgin ya juya kansa ya fuskanci tsakiya, ya tafi yana tsaga ruwan da rana ta rina ja. Ta tsaya tana kallo har ya shiga cikin sauran jiragen, ya zama ɗaya daga cikinsu.

Darasi: 'Yan uwa, idan Allah ya karɓi wanda muke so, ba a riƙe shi ta hanyar kulle abin da ya bari. Abin da aka hana shi aikinsa lalacewa yake yi a hannun mai tsaronsa, ko da soyayya ce ta sa aka ɓoye shi. Mutumin kirki yana ci gaba da rayuwa ne a cikin alherin da aka ɗora daga inda ya tsaya. Kada tsoro ya sa mu faɗa wa mabuƙaci maganar da za mu zo muna neman gafararta, kuma wanda aka yi wa gori ya yi haƙuri, Allah ba ya mance shi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana riƙe da kayan wani mamaci ya kasa saki, wataƙila ya samu sauƙi, ku kuma sa iyayenmu da suka riga mu a addu'a.